Aikin takarda da ƙananan yara don bukukuwan ƙasar Ailan: tambayoyi da amsoshi

Iyayen da 'ya'yansu ke makaranta a Ailan sukan ga yaro ya dawo gida a watan Maris da koriyar hula ta kwali, ko malama ta aiko cewa a yi wani abu a gida a kawo. Malaman nazare a wasu wuraren kuma sukan so nuna wa yara al'adun wata ƙasa ta hanyar aikin hannu. Amsoshin nan sun fi shafar yara 'yan shekara 2 zuwa 7.

Waɗanne bukukuwa ake nufi, kuma yaushe ake yin su?

Babba a cikinsu shi ne ranar Waliyi Patrick, 17 ga Maris, wadda ta zama ranar hutu a Ailan tun 1903. Patrick ya rayu a ƙarni na 5. Ba ma haifaffen Ailan ba ne: daga Birtaniya aka kamo shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo a matsayin bawa, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azin addinin Kirista. Sai ranar Waliyiya Brigid ta Kildare, 1 ga Fabrairu, wadda ake ɗauka a matsayin shigowar bazara, kuma tun 2023 ake ba da hutu dominta. Akwai Halowin a 31 ga Oktoba, wanda tushensa tsohon bikin Samhain ne na mutanen ƙasar, sai kuma Kirsimeti da irin nasu al'adun.

Sunan Patrick ba baƙo ba ne a Najeriya. Limaman Katolika 'yan Ailan sun daɗe suna aiki a ƙasar, har aka ayyana shi waliyin Najeriya a 1961, kuma 'yan'uwa mata na St Louis da suka iso Kano a 1948 daga Ailan suka zo.

Akwai addini a cikin waɗannan ayyukan?

A wasu akwai, a wasu babu, kuma gara a faɗa wa iyaye tun kafin a fara. Gicciyen Brigid da gicciyen Patrick alamomin Kirista ne. Ganyen shamrok, wata ciyawa mai ganye uku, yana da fuska biyu: labari ya ce Patrick ya yi amfani da shi wajen bayyana aƙidar Triniti ta Kirista (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), amma a yau alamar ƙasa ce da ake gani a jikin jiragen saman kamfanin Aer Lingus na Ailan da rigar 'yan wasan zari-ruga. Tuta, garayar da ke kan kuɗin ƙasar, bakan gizo da tunkiyar auduga ba su da alaƙa da ibada. A ajin da ke da Musulmi da Kirista, abin da ya fi sauƙi shi ne a shirya ayyuka biyu a bar kowane gida ya zaɓa, ba tare da an mai da abin gardama a gaban yara ba.

Me za a tanada, kuma nawa zai ishi aji mai yara 20?

Takarda iri biyu ake bukata. Ta yankawa da ninkewa ita ce A4 mai nauyin giram 80, irin ta hoton kwafi, domin ita ce almakashin yara ke iya ci. Abin da zai tsaya da kansa, kamar hula ko garaya, yana son kwali mai giram 160 zuwa 220. Kwalin biskit ko na madara ya wadatar idan za a rufe shi da takarda mai launi, amma babba ne zai yanka shi.

Idan shamrok za a yi wa yara 20, koriyar A4 guda 5 ta isa, a ƙara 3 saboda ɓarna. Farar takarda ko kwali 20 na mannawa a kai, gam na sanda 10 (yara biyu su raba ɗaya), almakashi marar tsini, fensir, da tsohuwar jarida ta shimfiɗa a tebur. A ajiye jiƙaƙƙen tsumma a kowane tebur. Rashinsa ne ke sa yaro ya goge hannu a riga.

Idan babu koriyar takarda, a shafa wa fara fenti kwana ɗaya kafin aikin. Rawaya mai yawa da ɗigon shuɗi ke ba da kore mai haske. Ana fara zuba rawayar ne, a riƙa ɗiga shuɗin kaɗan-kaɗan, domin shuɗi ya fi ƙarfi, kuma idan ya yi yawa sai an ƙarar da rawayar kafin a gyara.

Wane gam ya dace?

Gam na sanda ya fi dacewa da takarda kan takarda, saboda ba shi da ruwa sosai. Aibinsa shi ne saurin bushewa: idan yaro ya shafa ya tsaya surutu, kafin ya ɗora ganyen gam ɗin ya mutu. A lokacin hunturu da iska ta bushe abin ya fi muni. Sai a koya masa ya shafa wa guda ɗaya, ya manna, ya danna yana ƙirga ɗaya zuwa goma, sannan ya ɗauki na gaba.

Farin gam na ruwa, irin wanda kafintoci ke amfani da shi, shi ke riƙe auduga, zare da kwali. Kada a ba yaro kwalbar a hannu. A zuba cokalin shayi ɗaya a murfin roba, a ba shi tsinken goge kunne ya riƙa dangwala.

Ana iya dafa gam a gida: fulawa cokali 4, ruwa kofi ɗaya da kwata. A dama fulawar da ruwan sanyi kaɗan har gudaji su mutu, a ƙara sauran ruwan, a ɗora a ƙaramar wuta ana juyawa har ya yi kaurin koko, a sauke ya huce. Yana yin kwana biyu ko uku a firji kafin ya yi tsami. Abu biyu za a lura da su: yaron da alkama ba ta karɓe shi ba kada ya taɓa, kuma aikin da aka yi da shi yana jawo kyankyaso da gara idan aka adana. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana aka tace shi ma yana manna takarda tsaf. Gam mai kamawa nan take da gam ɗin masu gyaran takalmi ba su da wuri a teburin yara ko kaɗan.

Yaya ake yin shamrok da ba zai fito a karkace ba?

Da siffar zuciya uku. A yanka koriyar A4 murabba'i-murabba'i na santimita 7. Faɗin takardar 21 ne, tsawonta 29.7, don haka za a sami guda 12, wato shamrok huɗu, sannan ziri mai faɗin santimita 1.7 zai rage a ƙasa. Kada a yar da shi, a raba shi huɗu ya zama karan ganyen.

Kowane murabba'i a ninke shi biyu, a zana rabin zuciya ta yadda tsakiyarta za ta zauna a kan ninkin, a yanka a buɗe. Kuskuren da ya fi yawa a nan ne: yaro ya zana rabin zuciyar a gefen da ke buɗe, sai ya buɗe ya ga takardarsa ta rabu gida biyu, kuka ya biyo baya. Maganinsa shi ne babba ya ja jan layi a kan ninkin ya ce wannan layin ba a taɓa shi da almakashi. Ga 'yan shekara 4, a zana musu rabin zuciyar da maka mai kauri, domin siririn layin fensir yana ɓace musu.

Wajen mannawa, a sa ɗigo a tsakiyar farar takardar tukuna. A fara manna karan daga ɗigon zuwa ƙasa, ya ɗan lanƙwasa. Sai zuciya ɗaya a sama, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, duk tsininsu na taɓa ɗigon. In babu ɗigon nan, ganyayyakin watsewa suke yi kamar kaji sun ga shaho. Mai son ganyen ya taso, ya shafa gam a kan ninkin kawai ya bar gefunan a sake.

Ganye uku ne ko huɗu?

Uku. Kalmar shamrok daga harshen Ailan take, ma'anarta ƙaramar kuloba, wata ciyawa mai ganye uku. Mai ganye huɗun da ake gani a hotuna wani camfi ne daban na sa'a, ba alamar ƙasar ba ce. Hotunan intanet da yawa suna gwamutsa su. Idan aikin za a kai shi makaranta a Ailan ne, a tsaya a kan uku.

Ɗana shekararsa biyu da rabi, bai iya almakashi ba. Me zai iya yi?

Yaga da dangwale. A zana babban shamrok da ya cika A4, a shafa gam a ganye ɗaya, a ba shi zirin koriyar takarda ya riƙa yagawa yana liƙawa. A fara tsaga masa bakin zirin, domin farkon yagar ne ke ba su wuya. Takarda tana da ɓangaren da take yaguwa a miƙe da wanda take karkacewa. A gwada kafin a yanka zirin, a ba shi ta ɓangaren da ya fi sauƙi.

Hatimi ma yana burge su. A ɗauki kwalin da ke cikin takardar bayan gida, a danna gefe ɗaya ciki, a matse ɗaya gefen ya yi tsini, bakinsa zai zama zuciya. A ɗaure da roba don kada ya buɗe, ya dangwala a fenti ya buga sau uku. Ko a raba dankalin Turawa biyu a sassaƙa zuciya a fuskarsa. (Dankalin da ake kira arish a Jos da kasuwannin Arewa, daga sunan mutanen Ailan ya samo sunan, ko da yake asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne.) A goge ruwan dankalin da tsumma kafin a sa a fenti, in ba haka ba hatimin zamewa zai yi. Fentin kuma a shimfiɗa shi a kan soso a cikin faranti. Idan aka zuba shi tsululu, dunƙulen kore kawai za a gani.

Minti goma ya ishi ɗan wannan shekarun. In ya tashi, aikin ya ƙare ke nan.

Yaya tsarin tutar yake, kuma me ya sa ake cewa a yi hattara?

Launi uku ne a tsaye: kore a jikin sanda, fari a tsakiya, ruwan lemo a waje. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, don haka takarda mai santimita 12 da 24 ta yi daidai, a raba ta gida uku na santimita 8. A bar ƙarin santimita 3 a gefen koren don naɗewa a jikin tsinke. An fara ɗaga tutar a Waterford a 1848. Koren na wakiltar 'yan asalin ƙasar, akasarinsu Katolika, ruwan lemon na wakiltar Furotesta magoya bayan Sarki William na Orange, farin kuma zaman lafiya a tsakaninsu.

Hattarar ita ce, idan aka juya tsarin aka sa ruwan lemo a jikin sanda, an yi tutar Kwaddibuwa. Kuma yawanci a bayan takardar ake faɗawa wannan ramin: yaro ya gama gaba daidai, ya juya, ya sake farawa da kore daga hagu, sai ruwan lemo ya koma wajen sanda. A liƙa tsinken tun kafin a fara shafa launi, a ce masa kore abokin sanda ne, gaba da baya. Idan kuma ja ya yi yawa a haɗin ruwan lemon, tutar Italiya za ta fito. Rawaya kashi uku, ja kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Yaran Nijar za su lura cewa launukan tutarsu ne, sai dai tasu a kwance take da da'ira a tsakiya.

Akwai aikin takarda da asalinsa na yaran Ailan ne, ba na kanti ba?

Akwai, kuma ya fi yawancin abin da ake gani yanzu ma'ana. A ƙarni na 19 yara kan yi bajon da ake kira gicciyen Patrick a gida. Na maza farar takarda ce murabba'i, kamar santimita 8, da da'ira a ciki wadda aka rarraba gida-gida aka shafa wa launi, a maƙala a hula. Launukan daga abin da ke cikin gida ake samo su: gwaiduwar ƙwai ta ba da rawaya, ganye ya ba da kore, bulan wanki ya ba da shuɗi. Na mata kuma kwali ne da aka gitta wa ƙyalle ko ribon biyu, da koren fure a tsakiya, a maƙala a kafaɗa.

Don yin na da'irar, a buɗe kamfas ɗin lissafi santimita 3.5 a zana da'ira. Ba tare da an canja buɗin ba, a kafa tsinin a bakin da'irar a ja baka daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. A matsa tsinin zuwa inda bakan ya taɓa da'irar a sake ja. Sau shida za a yi, fure mai kunne shida ya fito. Idan kunnen ƙarshe bai haɗu da na farko ba, kamfas ɗin ne ya saki a hanya, a ɗaure sukurinsa a sake. Babba ke zanawa, yaro ya shafa launi. A manna a kan kwali, a liƙa a riga da salatif da aka naɗe, kada a sa fil.

Koriyar hular nan mai tsawo ta ranar Patrick, me ya sa take faɗuwa ko ta ƙi shiga kai?

Saboda ba a auna kan ba, ko an yi ta da takarda maimakon kwali. Kan yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yakan kai santimita 49 zuwa 52, amma kitso da gashi suna ƙara shi, don haka a auna da zare a ƙara santimita 4 na haɗi. A yanka koren kwali mai wannan tsawon da tsayin santimita 14 ko 15, a naɗe a kan yaron, a yi alama, a cire a haɗa. In ya wuce 15 zai riƙa rinjaya gaba.

Bakin hular ne ke ba mutane wahala. A tsayar da gangar a kan wani kwalin, a zagaye ta da fensir. A zana wata da'irar a waje, nisan santimita 5, da wata a ciki, nisan santimita 2. A yanke ta wajen, a huda a cire ta cikin, sannan a yi tsage-tsage daga ramin zuwa layin tsakiya, tazarar santimita 2. Haƙoran da suka fito a ɗaga su sama a manna su a cikin gangar. Wanda ya yanke daidai kan layin tsakiya ya rasa abin mannawa, sai ya sake sabo. Faɗin bakin zai kai santimita 26 ko 27, ya fi ƙarfin A4. Sai A3 ko babban kwali. A ƙarshe a zagaya baƙin ziri mai faɗin santimita 3, da rawayan murabba'i a gaba a matsayin kan bel.

Ga aji mai yawa wannan aikin ya yi nauyi. A haɗa zirin kwali biyu na tsawon A4 su zama rawani, a manna hoton hula ko shamrok a goshi, an gama cikin minti goma sha biyar. Idan an haɗa da ƙusar maƙale takarda, a juya santsin zuwa ciki, ƙafafun su kalli waje, a rufe da salatif, don kada su kama gashi.

Wane ne ɗan mutumin nan mai hular, kuma ina ruwansa da bakan gizo?

Lefrikon ke nan, wani ɗan aljani na tatsuniyoyin Ailan, baduku mai ɗinkin takalmi, marowaci, wanda aka ce yana ɓoye tukunyar zinariya a ƙarshen bakan gizo. A tsofaffin labarai jar riga yake sawa, koren daga baya ya zo. Tarkon kama shi da yara ke yi da kwali kuwa al'adar Amurka ce.

Bakan gizon ya fi sauƙi a yi shi da sarƙar takarda: ziri mai santimita 2.5 da 15, a haɗa baki da baki, na gaba ya ratsa ta cikin na baya. Ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, shunayya. A bar ruwan baba, domin yara ba sa bambanta shi da shuɗi. A ƙarshen sarƙar a manna baƙar tukunya da rawayan da'irori. Zirin da ya gaza santimita 12 yana buɗewa kafin gam ya kama.

Yaya ake saƙa gicciyen Brigid da takarda?

Na ainihi da wata doguwar ciyawar fadama ake saƙa shi a jajibirin 1 ga Fabrairu, a rataye a saman ƙofa. Yana da murabba'i a tsakiya da hannaye huɗu da ba su fuskanci juna daidai ba, kamar farfela.

Ga 'yan shekara 5 da 6, ziri huɗu sun isa, kowane faɗin santimita 2, tsawon A4. A ninke kowanne biyu. A kwantar da na farko, ninkinsa a hagu, bakinsa a dama. Na biyu ya rungumi na farkon daga sama, bakinsa ya kalli ƙasa. Na uku ya rungumi na biyun daga dama, bakinsa ya kalli hagu. Na huɗu ya rungumi na ukun daga ƙasa, sannan a zura bakinsa ta cikin ninkin na farko. A ja hannayen huɗu a hankali har tsakiyar ta matse. Launi huɗu daban-daban na taimakawa ƙwarai, domin ana iya cewa ja ya rungumi rawaya, maimakon wannan da wancan. Idan abin ya wargaje da aka ɗaga shi, to wani zirin ya rungumi ɓari ɗaya ne kawai na maƙwabcinsa maimakon duka biyun.

'Yan shekara 7 za su iya cikakken, da ziri 12 ko 16 masu faɗin santimita 1. Ana riƙe tsakiya da babban yatsa, a juya aikin kwata ɗaya zuwa hagu, a ninke sabon ziri ya rungumi duk waɗanda ke kallon sama, bakinsa ya nufi dama, a sake juyawa. A ƙarshe a ɗaure bakin kowane hannu da zare a daidaita da almakashi. Takarda mai giram 80 takan yi laushi a nan. Tsinken shan lemo na takarda ya fi, kuma kabar da aka tsaga aka jiƙa ta fi duka kama da ciyawar asali.

Wane aiki ne ke koya wa yaro almakashi?

Maciji mai naɗi. Labari ya ce Patrick ya kori macizai daga Ailan. Gaskiyar magana tsibirin ba shi da macijin asali, teku ce ta tare su. A yanka da'ira mai faɗin santimita 20, a zana layi mai naɗewa zuwa tsakiya da tazarar santimita 3, yaro ya yi ado kafin ya yanka. Hannun da ke riƙe takardar shi ke juya ta, almakashin yana kallon gaba, babban yatsa a sama.

Bahago yana bukatar abu biyu: almakashin bahagwai, wanda aka juya wuƙaƙensa, da zanen da aka juya naɗinsa. Da almakashin dama, wuƙar sama tana rufe masa layin kuma takardar tana lanƙwashewa a tsakanin wuƙaƙen, sai a ɗauka rashin iyawa ne. Ɗan shekara 3 tsage-tsagen bakin takarda kawai ake nema a wurinsa, miƙaƙƙen layi wajen shekara 4, lanƙwasa kuma wajen 5.

Me ke sa aikin ya yamutse ko ya koɗe?

Ruwa. Takarda tana kumbura inda ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, shi ya sa wadda aka shafa wa fenti ko gam a fuska ɗaya take naɗewa. A rage gam, a bari ta sha iska, kafin ta bushe ƙarau a sa ta tsakanin jaridu a ɗora littattafai ta kwana. Takardar ado mai tattarewa tana zubar da rini da zarar ta jiƙe, ta ɓata hannu da tufa, don haka gam na sanda kawai ake sa mata. Koren takarda mai arha kuma yana koɗewa a taga cikin 'yan kwanaki, a liƙa a bangon da rana ba ta bugu.

Waɗanne abubuwa ne ke da hatsari?

Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da zai ratsa ta cikin kwalin takardar bayan gida ya yi ƙanƙanta: maɓalli, idon roba, kwabon wasa, murfin gam. Ƙyalƙyali yana shiga ido. Takardar alewa mai sheƙi da aka yanka manya-manya ta maye gurbinsa. Zaren rataye maciji ko sarƙa a ɗaure shi inda hannu ba ya kaiwa, kuma ba a rataya wa ƙaramin yaro komai a wuya. Wuƙa da reza na babba ne, a yi aikinsu kafin yara su shigo.

Me za a rubuta a jikin kati?

Gaisuwar barka da ranar Patrick da harshen Ailan ita ce Lá Fhéile Pádraig sona duit idan mutum ɗaya ake yi wa, a canja kalmar ƙarshe zuwa daoibh idan suna da yawa. Ɗan karan da ke kan á da é sunansa fada, yana ja wasalin ne, kuma barinsa kuskuren rubutu ne, kamar a rubuta ƙ babu ƙugiya. Babba ya rubuta da ɗige-ɗige yaro ya bi.

Na Halowin da Kirsimeti fa?

Kafin kabewa ta shigo daga Amurka, mutanen Ailan wata saiwa mai tauri da ake kira tanif suke rarakewa su yi fitila. Ta takarda: a ninke A4 biyu a tsawonta, a yi tsage-tsage daga ninkin, tazarar santimita 2, a tsaya saura santimita 3 a kai baki, a buɗe a naɗe ta zama ganga, a sa mariƙi. A ja layin tsayawar da ja, in ba haka ba yaro zai yanke har ƙarshe.

A jajibirin Kirsimeti kuma gidaje kan kunna kyandir a taga, alamar maraba da baƙo. A naɗe kwalin takardar bayan gida da fara ko jar takarda, a yanka harshen wuta rawaya mai santimita 5, a manna shi a kan ɗan tsinke, a liƙa tsinken daga ciki. Don kada iska ta kayar da shi, a tsattsaga gindin santimita 1, a buɗe haƙoran waje a manna a kan da'irar kwali mai faɗin santimita 8. Ba a sa wuta ta gaske a cikin fitilar ko kusa da kyandir ɗin. In ana son haske, ƙaramar tocila ta wadatar.